Cutar Korona: Abin Da Likitoci Suka Gani A Gadajen Asibiti

Yau za mu ɗan kauce daga batutuwan da muka saba tattaunawa a wannan fili, mu leƙa ɗakunan asibiti, mu ji abin da likitoci suka rubuta game da mutanen da cutar korona ta kwantar. Mun sani wani zai ce ai wannan tsohon zance ne, an buɗe kasuwanni da masallatai tuntuni, alhazai sun koma cika Makka kamar da, har Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanar ran 5 ga Mayu 2023 cewa cutar ta fita daga matsayin annobar da ke bukatar matakin gaggawa. Duk wannan haka yake. Amma ƙwayar cutar ba ta ƙaura ba, tana nan tana zagayawa tare da mura da tari, kuma har yanzu takan kwantar da tsoho ko mai ciwon sukari. Bayan haka, sa'ad da wutar take ci, surutu ya yi yawa har ya danne ilimi. Wannan ya ce babu korona, wancan ya ce ciwon masu hawa jirgin sama ne, wani kuma ya ce dabara ce ta cin kuɗin gwamnati. Yanzu da ƙura ta lafa ya kamata mu zauna a natse mu ji abin da aka tabbatar, domin likitoci a ƙasashe da dama sun bi marasa lafiya dubbai, tun daga ranar da aka ba su gado har ranar da aka sallame su ko aka fita da gawarsu, suna rubuta kome.

Da farko dai, korona sunan dangi ne na waɗansu ƙwayoyin cuta, kuma waɗansunsu ba su wuce su sa mutum mura ta 'yan kwanaki ba. Biyu daga cikinsu sun riga sun nuna mugun hali kafin wadda muke magana a kanta. Ɗaya ta ɓulla a kudancin ƙasar Sin a 2002, ta kama mutum wajen 8,000, ta kashe 774 kafin a shawo kanta a 2003. Ta biyu an gano ta a Saudiyya a 2012, daga raƙuma take tsallakowa zuwa ga mutane, kuma cikin waɗanda gwaji ya tabbatar sun kamu da ita, kusan ɗaya cikin uku bai tashi ba. Shi ya sa ake gargaɗin alhazai su nisanci raƙuma da ɗanyen nononsu a can. Ta uku ita ce ta fito a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019, ita ce kuwa ta gama duniya.

Rahoton farko mai cikakken bayani ya fito ne a mujallar likitoci ta Lancet ran 24 ga Janairu 2020, a kan mutum 41 da aka kwantar a Wuhan. Talatin daga cikinsu maza ne, kuma 27 suna da alaka da wata kasuwar kifi da namun daji ta birnin, watau 'yan kasuwa ne da abokan cinikinsu suka fara cika gadajen. Mutum 40 sun yi zazzaɓi, 31 sun yi tari, akasari busasshe marar majina, 18 sun yi ciwon jiki da kasala. Fiye da rabinsu numfashi ya yi musu wuya. Goma sha uku sai da aka kai su sashen kulawa ta musamman, wanda mutanenmu ke kira ɗakin gobe-da-nisa, shida kuma suka rasu.

Da aka tara mutane da yawa sai hoton ya ɗan sake. A wani bincike na mutum 1,099 daga asibitoci 552 na ƙasar Sin, waɗanda jikinsu ke da zafi a ranar da suka iso asibiti ba su kai rabi ba, ko da yake daga baya kusan tara cikin goma sun yi zazzaɓin. A birnin Niyok na Amurka, cikin mutum 5,700 da aka kwantar a asibitoci 12 a watannin Maris da Afrilu na 2020, waɗanda aka samu da zazzaɓi a bakin shiga ba su wuce kashi 31 cikin ɗari ba. Mai karatu zai tuna da ƙaramar na'urar nan da masu gadi suka riƙa ɗora mana a goshi a ƙofar banki da ofis. To, ga lissafin nan, mai ciwon da ya isa a ba shi gado ma yana iya wucewa ta gabanta ba ta ce uffan ba. Sa'an nan aka lura da waɗansu alamu da ba a zata ba. Mutum ya wayi gari ba ya jin ƙanshin turare ko ɗanɗanon miya alhali hancinsa bai toshe ba. Wani gudawa ce ta fara kama shi. Tsofaffi da yawa kuwa ba su yi tari ba, ba su yi zazzaɓi ba, sai dai aka ga sun daina cin abinci, suna yawan barci, suna rikicewa, suna kiran ɗa da sunan ƙane.

A nan ne mu mutanen wannan ƙasa muke da wata wahala da Turawa ba su da ita. Zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, wane ne a cikinmu zai ji su bai ce sauro ne ba? Sai a aika yaro kemis ya sayo maganin zazzaɓin cizon sauro, a sha kwana uku. Idan jiki bai saki ba a ce to taifod ce, a kira mai allura har gida, a ɗaura ƙarin ruwa, a ƙara kwana huɗu. Mako guda ya tafi ke nan. Ko da an yi gwaji an ga ƙwayar zazzaɓin sauro a jini, wannan bai kore korona ba, gama mutum yana iya ɗauke da su duka biyu. Wannan mako guda da ake ɓatawa kuwa shi ne kan maganar.

Dalili shi ne, cutar tana da tafiya irin tata, kuma rahotannin Wuhan da na sauran ƙasashe sun yi muwafaka a kanta. Makon farko na zazzaɓi ne da kasala, yawancin mutane daga nan suke warkewa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar Sin ta duba mutum 44,672 da gwaji ya tabbatar, ta samu kashi 81 cikin ɗari ciwonsu bai yi tsanani ba, kashi 14 ya yi tsanani, kashi 5 kuwa sun kai bakin rai da mutuwa. Waɗanda abin zai yi wa tsanani, galibi tsakanin kwana na 7 da na 10 ne numfashi ke fara gagararsu, wani lokaci ma bayan zazzaɓin ya sauka, iyali sun fara hamdala, maigida ya ce gobe zai leƙa kasuwa. A cikin mutum 191 da aka bi a asibitoci biyu na Wuhan, 54 sun rasu, kuma a tsakaice sun yi kwana 18 zuwa 19 daga fara ciwo zuwa rasuwa, waɗanda suka tashi kuwa wajen kwana 22 kafin a sallame su. Ashe ciwo ne mai ba da lokaci, ga wanda ya san abin da zai lura da shi.

Bari mu ɗan tsaya a kan abin da ke faruwa a cikin ƙirji, don a gane dalilin da ya sa mako na biyu ya fi haɗari. Huhun ɗan Adam kamar soso yake, cike da miliyoyin 'yan jakunkuna masu siririn bango. Idan ka shaƙi iska ta cika su, sai iskar oksijin ta ratsa bangon ta shiga jini, jini ya kai ta ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda. Ƙwayar korona tana sauka har cikin waɗannan jakunkuna. Garkuwar jiki ta taso ta yaƙe ta, ga yawancin mutane ta yi nasara a rufe babi. Amma ga waɗansu yaƙin ne ke wuce gona da iri. Bangon jakunkunan ya kumbura, ruwa ya tsattsafo ya cika su, ƙananan jijiyoyin jini su toshe. A wannan mataki ƙwayar cutar ma ta fara raguwa, ɓarnar da ake gani ta dakarun jiki ce da suka kasa tsayawa, kamar masu kashe gobara da suka rushe gida da ruwa. Idan aka ɗauki hoton ƙirjin irin wannan mutum sai a ga huhun biyu sun yi fari-fari kamar hazo.

Abin da ya fi ba likitoci mamaki shi ne, mutum yana iya kaiwa wannan hali bai ji a jikinsa ba. An ga marasa lafiya suna zaune suna hira, suna danna waya, alhali iskar da ke jininsu ta faɗi ƙasa ƙwarai. Ana auna wannan da wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100. Idan ta sauka ƙasa da 94 ga mai zazzaɓi da tari, lokacin ganin likita ya yi, idan kuwa ta gaza 90, Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa wannan cikin ciwo mai tsanani da ke bukatar iskar oksijin nan take. Sai dai akwai abin lura da ya shafe mu kai tsaye. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Mishigan ta Amurka, aka buga a Disamba 2020, ya nuna cewa na'urar takan yi wa baƙar fata ƙarin lamba, har kuskurenta na ɓoye ƙarancin iska ya kusa ninka na farar fata sau uku. Sanyin hannu da jan farce ko baƙin lalle su ma sukan rikita ta. Saboda haka idan na'ura ta ce lafiya, amma ido ya ga mutum yana haki, a gaskata ido. Wanda ba shi da na'ura ma yana da agogo. Baligi a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda. Idan ka ƙidaya ka samu 30, ko ka ga dattijo ba ya iya kai ƙarshen magana sai ya tsaya ya ja iska, ko daga ɗaki zuwa wurin alwala ya gagare shi, to ba a jiran gari ya waye.

Cutar ba a huhu kaɗai take tsayawa ba. Tana sa jini ya yi gudaji, gudan ya toshe jijiyar ƙafa, ko ya tafi huhu, ko ya haura ƙwaƙwalwa ya shanye ɓarin jiki. Tun a rahoton mutum 191 ɗin nan aka lura cewa waɗanda gwajin jininsu ya nuna alamar daskarewa sun fi mutuwa nesa ba kusa ba, daga baya allurar tsinka jini ta zama cikin abin da ake yi wa wanda aka kwantar. Ƙoda ma takan tsaya har a bukaci wankinta, zuciya takan raunana, sukari ya hau ko ga wanda bai san yana da ciwon ba.

To, su wane ne suka fi rasuwa? Babu abin da ya kai shekaru. A lissafin ƙasar Sin da muka ambata, mutuwa a jimlace kashi 2.3 ce cikin ɗari, amma ga masu shekara 70 zuwa 79 ta kai kashi 8, ga waɗanda suka kai 80 kuwa kusan kashi 15. A Birtaniya an bi mutum 20,133 da aka kwantar a asibitoci 208 a farkon annobar. Rabinsu sun haura shekara 73, shida cikin goma maza ne, kuma a lokacin da aka rufe lissafin kashi 26 sun riga sun rasu, kashi 41 an sallame su, sauran suna kwance. Bayan shekaru sai cututtukan da mutum ya zo da su. Cikin mutanen Niyok 5,700, kusan kashi 57 masu hawan jini ne, kashi 42 masu ƙiba, kashi 34 masu ciwon sukari. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai karatu ya dubi wannan siffa da kyau: namiji, ya haura hamsin, yana da teɓa, yana da hawan jini ko sukari. Ai wannan shi ne alhajin da ke wuni zaune a rumfa daga hantsi har la'asar, shi ne babban ma'aikacin da ke jiran fansho a bayan tebur. Abin da ya ƙara muni shi ne, da yawa a cikinmu suna ɗauke da waɗannan cututtuka ba su sani ba, domin ba su taɓa miƙa hannu an auna su ba. Mutum ya san farashin buhun shinkafa na kowace safiya, ya san matakin albashinsa har da kwabo, amma ka tambaye shi awon jininsa ya ce lafiyarsa ƙalau. Waɗansu kuma sun sani, an ba su magani, da suka ji sauƙi suka ajiye.

Game da magani, wata shida na farko an yi ta lalube ne. Cikin mutum 191 na Wuhan, 32 aka zura wa bututun na'urar numfashi, 31 suka rasu. Irin wannan labari ne ya sa mutane suka ce duk wanda aka sa wa na'ura ya tafi ke nan. Gaskiyar ita ce ba a sa wa kowa na'urar sai wanda huhunsa ya riga ya gaza, kuma a lokacin ba a san hannun cutar ba. Sannu a hankali aka koya. Aka gane amfanin ba da iskar oksijin da wuri, da kwantar da maras lafiya rub da ciki na sa'o'i don bayan huhu ya buɗe, dabarar da ba ta cin ko sisi. A asibitocin Birtaniya mutuwar waɗanda aka kwantar ta sauka daga wajen kashi 32 a Maris 2020 zuwa wajen 16 a tsakiyar shekarar, tun kafin a samu rigakafi.

Babban ci gaba ya zo ran 16 ga Yuni 2020, daga wani gwaji da Jami'ar Oksfod ta jagoranta. An ba mutum 2,104 wani tsohon magani mai araha, dekisametason, aka gwada su da mutum 4,321 da ba a ba su ba. Ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, mutuwa ta sauka daga kashi 41 zuwa 29. Ga masu shan iskar oksijin kawai, daga 26 zuwa 23. Amma ga waɗanda ba su bukaci iska ba, maganin bai amfana musu kome ba, har ma alama ta nuna yana iya cutar da su. Hikimar a fili take ga wanda ya bi bayaninmu na sama: aikin maganin shi ne ya kwantar da garkuwar jiki, saboda haka yana da amfani a mako na biyu sa'ad da ta wuce gona da iri, a makon farko kuwa ɗaure hannun mai tsaron gida ne ɓarawo yana ciki. Muna jaddada wannan domin ƙwayar tana nan birjik a kemis da tiren masu talla, har waɗansu na shanta don su yi ƙiba. Tana tayar da sukari ƙwarai. A Indiya a 2021, yawan shan irinta ba bisa ƙa'ida ba ga masu ciwon sukari yana cikin abin da ya jawo wata muguwar cuta mai cin hanci da ido, ta kama mutane dubbai. Kulorokwin kuwa, wanda aka yi ta rububinsa har aka kwantar da waɗansu a Legas a Maris 2020 saboda sun sha ya yi musu yawa, gwajin na Oksfod a kan wani magani ɗan'uwansa ya nuna bai rage mutuwa ba ko kaɗan.

Yanzu mu dawo gida. An tabbatar da cutar a Nijeriya ran 27 ga Fabrairu 2020 a jikin wani ɗan Italiya a Legas, a Nijar ran 19 ga Maris, a Kano ran 11 ga Afrilu. Lissafin hukuma na Nijeriya ya tsaya a wajen mutum 267,000 da suka kamu, da 3,155 da suka rasu. Wannan kaɗan ne idan aka gwada da Turai, kuma akwai dalili na gaskiya, tun da yake rabin jama'armu ba su kai shekara 20 ba. Amma akwai dalili na biyu, watau ƙarancin gwaji da rashin rubuta mutuwa. Kano ta nuna haka. A watan Afrilu 2020, gab da azumi, masu haƙan kabari ne suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu, kuma a daidai lokacin ɗakin gwajin da ke birnin ya tsaya na waɗansu kwanaki. Gwamnatin Tarayya ta aiko da ayari ya bi gida-gida yana tambayar iyalan mamata yadda ciwon ya kasance. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙidaya mutuwa 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni, kashi 50 zuwa 60 cikinsu ana jin korona ce sanadi ko ita ta ƙarasa, yawancinsu sun haura shekara 65, kuma suna da wata cuta tun da. Fiye da rabinsu a gida suka cika.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta fi tsaya mana a rai. Me ya hana a kai su asibiti? Waɗansu an kai su an rasa mai karɓa, domin ma'aikatan lafiya su ma tsoro ya kama su, ga ƙarancin kayan kariya. Ba za mu yi saurin zarginsu ba. A asibiti guda na Wuhan, cikin mutum 138 da aka kwantar, 40 ma'aikatan asibitin ne, 17 kuma mutanen da wani ciwo dabam ya kawo su suka ɗauka a nan. Waɗansu iyalan kuwa da gangan suka ɓoye, don gudun a killace gida, a ce gidan wane an samu korona, ko don jita-jitar cewa ba za a ba su gawa su yi mata sutura ba. Alhali kuwa tun a Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba a bukatar ƙona gawa, ana iya shirya ta a binne bisa addinin mamaci muddin masu aikin sun kare hannu da fuska. Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar Shugaban Ƙasa, da cutar ta yi ajalinsa ran 17 ga Afrilu 2020, an yi masa salla an binne shi a maƙabartar Gudu a Abuja. Haɗarin ya fi yawa a cinkoson masu rai wajen zaman makoki.

Ita kunyar ma ba mu ga wurinta ba. Wajen shekara ta 18 bayan Hijira annobar Amwas ta ci manyan Sahabbai a ƙasar Sham, har da Abu Ubaida ɗan Jarrah da Mu'azu ɗan Jabal, Allah ya ƙara musu yarda, ba wanda ya ɗauki wannan abin ɓoyewa. Sayyidina Umar kuwa da ya taso zuwa Sham aka tare shi da labarin a hanya, ya yi shawara da Sahabbai, ya juya da jama'arsa zuwa Madina. Wanda ya rage dubiya a ɗakin mai tari, ya aika da gaisuwa da abin hannu ya yi addu'a daga nesa, yana da magabata a kan haka. Al'adarmu ta mutum goma a kan gado ɗaya, kowa da kwanon abincinsa, ba ta dace da irin wannan ciwo ba.

Sai dai kada mu ɗora wa iyali laifin duka. Wani bincike da aka buga a Mayu 2021 ya bi mutum fiye da 3,000 masu tsananin ciwo a asibitoci 64 na ƙasashen Afirka 10, har da Nijeriya da Nijar da Gana. Kashi 48 cikin ɗari sun rasu cikin kwana 30, alhali a sauran duniya irin waɗannan wajen kashi 32 ne ke rasuwa. Masu sukari da masu ciwon ƙoda ko hanta da masu ƙanjamau sun fi shiga haɗari, haka kuma waɗanda aka jinkirta ba su gado saboda babu wuri ko kayan aiki. Watau mutuminmu ya fi Bature wuyar kamuwa da mai tsanani saboda ƙuruciya, amma idan ta kai shi ƙasa ya fi Bature wuyar tashi, saboda gado da iska da ƙwararrun ma'aikata. Masu hali da ke neman inda za su zuba sadaka mai gudana su san cewa tukunyar iskar oksijin a asibitin ƙaramar hukuma tana ceton jariri mai ciwon huhu da mace mai haihuwa ko a shekarar da babu annoba.

Sallama daga asibiti ma ba ita ce ƙarshen jinya ba. A Ingila an bi mutum 47,780 da aka sallama, aka samu cikin wata huɗu zuwa biyar kusan kashi 30 an sake kwantar da su, kashi 12 kuma sun rasu. A Wuhan, wata shida bayan sallama, fiye da rabin mutum 1,733 da aka sake dubawa suna da sauran wata damuwa, galibi gajiya da raunin jiki da rashin barci. Saboda haka shugaban ofis da ma'aikacinsa ya dawo yana kasa hawa bene, da uban gida a kasuwa da yaronsa ya daina ɗaukar abin da ya saba ɗauka, kada su yi saurin cewa lalaci ne. Wanda ya fito daga irin wannan jinya azumi ya riske shi, musamman mai sukari ko ciwon ƙoda, ya tambayi likitansa tukuna, gama shari'a ta ba maras lafiya damar ya sha ya rama.

A yau hoton ya sake. Allurar rigakafi ta iso Nijeriya ran 2 ga Maris 2021, kusan miliyan 4 a zuwan farko. Nau'in Omikuron da aka gano a kudancin Afirka a Nuwamba 2021 ya fi saurin yaɗuwa amma bai cika sauka cikin huhu kamar na farko ba, kuma yawancin mutane jikinsu ya riga ya san ƙwayar, ko ta allura ko ta kamuwa. Waɗanda take kwantarwa yanzu galibi tsofaffi ne tukuf, da masu ciwon daji ko ƙoda, da waɗanda garkuwarsu ta raunana. Su ne kuwa muke ɗauka mu kai cikin taron miliyoyi a Mina da Arfa kowace shekara, su dawo da tarin da muke kira tsarabar Makka muna dariya. Dattijon da ya dawo daga aikin Hajji da tari da zazzaɓi, a riƙa ƙidaya numfashinsa safe da yamma har ya wuce kwana goma, idan kuma za a kai shi asibiti a gaya wa likita daga inda ya fito, a tafi da kwalayen magungunan da yake sha duka.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba abin da malamanmu na Malikiyya suka ce game da wankan mamacin da ake tsoron ɗaukar cuta daga jikinsa, da lokacin da taimama ke tsayawa a madadinsa.